Yadda za ka yi binciken jinya da kiɗa, kiɗan kansa ya zama hujjarka

'Yan uwana ɗalibai da ke nan Legas masu son yin furojet a kan jinya da kiɗa, wato amfani da kiɗa wajen taimaka wa mara lafiya ya samu sauƙi, don Allah kar ku tsaya kan fom ɗin tambayoyi kawai. Wanda shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke masa magana, ta ina zai amsa maka tambaya ashirin? Amma sau da yawa irin wannan mutumin yana iya rera waƙa ko da magana ta gagare shi, tun 1973 masana a Boston ta Amurka suka gina hanyar dawo da magana a kan haka. To a irin wannan binciken kiɗan shi ne bayananka, da shi kuma za ka yi nazari.

Izini tukuna. Ka kai takardarka kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin da za ka yi aiki, ko LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, a Idi-Araba ko na ƙwaƙwalwa da ke Yaba, sannan ka zauna da mara lafiya da iyalinsa ka yi musu bayani da Hausa baki da baki, ka faɗa musu wa zai ji rikodin ɗin. Wani gidan ba sa son kiɗa saboda addini, kar ka matsa. Kuma ni dai ba na shiga da garaya, mutane da yawa bori suke tunawa, ƙwarya ko tafi sun wadatar.

Ranar zama mara lafiyan ne zai buga ƙwaryar, kai kuma ka ɗora waya a kan filo kusa da hannunsa tana naɗa, ka zaɓi lokacin da janareton maƙwabta ya yi shiru, in a Agege ne ka rufe taga don hon ɗin danfo sai ya cinye komai.

Aikin gaske sai ka dawo gida. Ka saurara sau uku, na farko kar ka riƙe biro ma, na biyu ka zana abin da kake ji a takarda, inda bugun ya yi ƙarfi layi mai kauri, inda ya tsaya ka bar fili, na uku ka ɗauki ƙwaryarka ka amsa masa kamar kuna hira, shi ma ka naɗa, ka rubuta kwanan wata da abin da ya taɓa maka zuciya. Sai ka mayar masa ya ji. Wata tsohuwa da na yi aiki da ita da hannun hagu kaɗai take bugawa, ni na ɗauka gajiya ce ke sa ta tsayawa bayan kowane bugu huɗu, da na kunna mata sai ta girgiza kai, 'yarta ta ce "Mama jira take a amsa mata, haka suke yi a gidan biki." Wallahi da ban koma ba da na rubuta kuskure.

Wajen rubuta rahoto ka haɗa zanen da guntun sautin, ka canza suna, kuma murya ma tana tona mutum, don haka duk inda aka ji muryarsa ka sake tambayarsa kafin ka kunna a gaban malamai.