Yadda nake duba alewar 'ya'yan itace saboda mai ciwon alfa-gal

Maigidana ya bar cin naman shanu, rago da akuya tun da likita ya tabbatar yana da alfa-gal, ciwon da cizon kaska ke jawowa, jiki ya riƙa bore wa wani sukari da ke jikin dabbobi masu shayarwa. Kaza da kifi ba sa yi masa komai. Ciwon ba ya tashi nan take, sai bayan awa 2 zuwa 6: ƙaiƙayi, borin jini, murɗar ciki, wani lokaci har numfashi ya sarƙe.

Nama dai kowa yana ganinsa ya kauce. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne alewar nan mai danƙo da ake zana mangwaro da lemo a jikin ledarta, wadda ta cika shagunan kasuwar Terminus a Jos.

'Yar'uwa, ki juya ledar. Hoton gaba talla ne, gaskiyar tana baya cikin ƙananan rubutu. Ki nemi kalmar gelatin ko gelatine. Daga fata da ƙashin shanu ko alade ake yinsa, irin daskarewar da romon ƙafar saniya ke yi idan ya huce. Da kin gan shi, ki mayar, sai in an rubuta ƙarara cewa na kifi ne.

A nan mutanenmu suka fi ruɗuwa. Tambarin halal yana nufin babu alade, amma sau da yawa na shanu aka sa, wanda shi ma haɗari ne ga mai wannan ciwo. Lambar NAFDAC ma rajista ce kawai, ba ta ce babu sinadarin dabba ba.

Akwai kuma masu sa alewa danƙo a madadin gelatin. Pectin, mai lamba E440, daga 'ya'yan itace yake, agar kuma daga ciyawar teku, duka ina saye. Carrageenan, E407, shi ma na teku ne, amma yana tayar wa wasu da ciwon, don haka ba ya shiga gidana. Madara da whey, wato ruwan da ke saura idan an yi cuku da madara, kuwa sai abin da likitanku ya ce, domin ba kowa suke damu ba.

Ko kin saba sayen abu, ki sake karantawa, kamfanoni kan canza haɗi. Wadda ake aunawa daga kwalba ba takarda kuwa, ki bar ta. Ni nakan saya masa dabino da zabibi, ko in biya kasuwar Farin Gada in ɗauko ayaba da kankana.