Yadda ake gyara faifan ofis da ke yin jan X bayan an kunna kwamfuta

A ƙananan ofisoshin da 'yan uwanmu ke aiki a Makka da Jidda, musamman masu hidimar alhazai da 'yan Umara, akan ware kwamfuta ɗaya ko akwatin ajiya guda a riƙa zuba komai a ciki, daga hotunan fasfo har jerin ɗakunan otal. Sauran kwamfutocin suna ganinsa da harafi, Z ko Y. A dawo aiki ranar Lahadi da safe, a kunna Windows, sai ga jan X a kan harafin. Abin da aka saba shi ne a goge harafin a sake ɗaura shi, gobe ma haka. Wahala ce kawai.

Kafin ka taɓa komai, danna faifan sau biyu ka ga yadda zai yi. In ya buɗe nan take, matsalar lokaci ce. In ya nemi kalmar sirri, Windows ce ba ta riƙe ta ba. In kuwa ya yi ta juyi sannan ya ce bai ga hanya ba, sai a duba adireshi.

Ta lokacin ta fi yawa. Windows tana neman faifan ne da zarar ka shiga, alhali Wi-Fi bai gama kamawa ba, kamar wanda ya yi sammakon kasuwa ya tarar ba a buɗe rumfa ba ya juya. In Windows ɗinka Pro ce, danna maɓallin Windows da R tare, rubuta gpedit.msc, ka bi Computer Configuration, Administrative Templates, System, sannan Logon. A nan akwai layin Always wait for the network at computer startup and logon. Buɗe shi ka zaɓi Enabled. Shiga zai ɗan ƙara jinkiri, amma ya fi ciwon kan kowace safiya.

Ka lura da wani abu kuma. In ka yi Restart faifan ya dawo lafiya, amma in ka kashe da dare ka kunna da safe ya ƙi, to Fast Startup ne, wanda ya zo tun Windows 8 a 2012: ba ya kashe kwamfutar gaba ɗaya, kuma Restart ba ya bi ta kansa. Buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta umarni, da ikon admin ka rubuta powercfg /h off. Wannan zai tafi har da Hibernate, wato kashewar da ke adana aikinka yadda ka bar shi, sai dai kwamfutar tebur ba ta yi asarar komai ba. Na fi son ba da umarni irin wannan saboda kwamfutoci da yawa a nan da Larabci suke, kuma umarnin ba ya canzawa da harshe.

Mai Windows Home ba shi da gpedit. Shi sai ya buɗe Notepad ya rubuta layuka uku, ya sa sunan tasa kwamfutar ajiyar da tasa foldar:

timeout /t 30
net use Z: /delete /y
net use Z: \\OFIS\Alhazai /persistent:yes

Ya adana da suna mai ƙarewa da .bat, ya danna Windows da R, ya rubuta shell:startup, ya jefa fayil ɗin cikin foldar da ta buɗe. Duk shiga zai jira daƙiƙa 30 sannan ya ɗaura faifan. Kada a raina dabarar: da Windows 10 sigar 1809 ta fito da wannan matsala a 2018, makamanciyarta Microsoft ta ba mutane kafin ta gyara. Amma don Allah kada ka rubuta kalmar sirri a cikin fayil ɗin, duk wanda ya zauna a kujerarka zai karanta.

Wurin kalmar sirri daban yake. Windows da R, rubuta control keymgr.dll, shiga Windows Credentials. Goge tsohon bayanin kwamfutar ajiyar in akwai, ka ƙara sabo da adireshi da sunan mai amfani da kalmar sirri. Adireshin dole ya zama daidai da wanda aka ɗaura faifan da shi. In da suna aka ɗaura, ka sa lambar IP, wato adireshinta na lambobi, a nan, Windows ba za ta gane abu ɗaya ba ne. Kuma kafin ka buga, kalli kusa da agogo: in harafin ع ne a wurin, madannin yana kan Larabci, ɗigogin da kake gani ba kalmarka ba ce. Alt da Shift ka mayar da shi.

Saura adireshi. In da lamba irin 192.168.1.20 aka ɗaura faifan, rauta, wato na'urar da ke raba Wi-Fi, na iya ba kwamfutar ajiyar wata lambar bayan an kashe ta. Rubuta ipconfig a Command Prompt na kwamfutar ajiyar ka gani, sannan ka shiga saitin DHCP na rautar, inda take raba lambobi, ka keɓe wa kwamfutar lamba ɗaya. Ka hana ta yin barci ma.

In kuwa matsalar ta fara ne bayan an koma Windows 11 sigar 24H2, wataƙila akwatin ajiyar a buɗe yake ba kalmar sirri, ita kuma sigar Pro ta daina yarda da shigar baƙo. Buɗe wa ma'aikata asusu a akwatin, ka sabunta manhajarsa. Za ka ji masu cewa a kunna SMB1, tsohuwar hanyar musayar fayiloli tsakanin kwamfutoci, a huta. Ta wannan ƙofar muguwar manhajar nan WannaCry ta shiga kwamfutoci a 2017, kuma fasfon mutane ne a faifan nan. Akwatin da ba ya jin komai sai SMB1, a gaya wa maigida ya sayi wani.