Darasi na Tara: Dajin da Aka Killace, Aka Sake Buɗewa

A karanta a hankali

A ƙasar Amurka, a jihar Arizona, akwai gandun dajin gwamnati mai suna Tonto. A cikinsa akwai wani tudu mai duwatsu da itatuwa, ana kiransa Oak Flat. 'Yan ƙabilar Apache, waɗanda suke zaune a yankin tun kafin zuwan Turawa, suna girmama wurin ƙwarai. Can suke ibadarsu, can suke bikin balagar 'yan mata, can suke tsintar 'ya'yan itacen da suke ci.

A shekarar 1955, zamanin shugaba Eisenhower, gwamnati ta killace eka 760 na wurin. Killacewa ita ce a hana haƙar ma'adinai a fili. A lokacin filin yana nan a hannun gwamnati, jama'a na shiga suna fita, amma ba mai sa diga.

Daga baya aka gano tagulla mai ɗimbin yawa a ƙarƙashin tudun, zurfin kamar kilomita 2. Kamfanin Resolution Copper, mallakar kamfanonin haƙar ma'adinai Rio Tinto da BHP, ya so wurin. An sha kai buƙatar gaban majalisar dokoki tana faɗuwa. A watan Disamba na 2014 sai aka cusa ta cikin dokar kuɗin sojoji, wadda ake zartarwa kowace shekara, ta wuce tare da ita. Dokar ta ce a yi musaya: kamfanin ya karɓi eka 2,422 na dajin, har da wurin da aka killace, ya ba gwamnati fiye da eka 5,000 a wasu wurare na jihar.

A lissafi, gwamnati ce ta ci riba. Amma ku tuna da gonar gado. Idan aka karɓe wadda mahaifinka ya nome, aka ba ka ninki biyu a wata ƙaramar hukuma, an biya ka ke nan? Ni ban ga biya a nan ba. Ga shi kuma ta ƙasa za a riƙa kwashe dutsen, har saman ya rufta. Rahoton gwamnati da kansa ya ce za a bar rami mai faɗin kusan kilomita 3, zurfinsa kamar mita 300. Wurin ibadar zai faɗa ciki.

Dokar ta ce a miƙa filin cikin kwana 60 bayan fitowar rahoton gwamnati na ƙarshe kan yadda haƙar za ta shafi muhalli. Wata ƙungiyar Apache ta kai ƙara. A watan Mayu na 2025 Kotun Ƙolin Amurka ta ƙi sauraron ƙarar.

Abin da ya shafe mu

Mu ma muna da gandun daji da burtali da makiyaya, kuma da takarda aka keɓe su, da takarda ake cire su. A Najeriya, dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamnan jiha, ma'adinan da ke cikinta kuwa na gwamnatin tarayya ne. Saboda haka izinin haƙa yana iya fitowa daga Abuja, mutanen gari ba su ji ba sai sun ga motoci.

Idan ka ga sanarwa a sakatariya ko a ƙofar gidan hakimi, kada ka wuce. Fara neman kwanan wata, domin wa'adin ƙorafi daga ranar yake farawa, kuma ba ya jiran kowa. Sai ka duba sunan wurin da girmansa, da wanda ya sa hannu. In da Turanci aka rubuta, ɗauki hotonta da waya, ka kai wa wanda ka yarda da shi ya karanta maka duka, har da ƙananan rubutun da ke ƙasa. Kada ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ba. In za ku kai kuka, ku rubuta, ku ajiye kwafi.

Sababbin kalmomi

killace, musaya, ma'adinai, wa'adi, sanarwa

Aiki

1. Shekara nawa ke tsakanin 1955 da 2014?
2. Cire eka 760 daga eka 2,422. Nawa suka rage?
3. Malami zai karanta sanarwar gwaji. Kowa ya rubuta kwanan watanta da sunan wurin.
4. Kafin darasi na gaba, tambayi mai unguwa ko wani dattijo sunan gandun dajin da ya fi kusa da garinku da inda iyakarsa ta tsaya a da. Rubuta amsar cikin layi uku, ka zo da ita.