Daga aikin walwalar jama'a zuwa koyarwa a firamare, ga yadda ake bi

Duk wanda ya daɗe a aikin walwalar jama'a ya san irin gajiyar nan, ka tashi aiki amma fayil ɗin wani yaro ya biyo ka gida cikin kai, ka kwanta kana tunanin ko an sake dukansa yau. Daga nan ne da yawa ke fara cewa bari in koma koyarwa kawai, ai yaran ne dai. Eh yaran ne, amma aikin daban yake fa.

Kar ka yi saurin ajiye aikinka. Nemi wata firamare ka roƙi hedimasta ya bar ka ka riƙa zama a bayan aji ko na sati biyu ne, in da hali ma ka yi mataimakin malami. Malamin za ka sa wa ido ba yaran ba, yadda yake sa yara 30 su nutsu ba tare da ya tsage murya ba, da yadda yake tashi daga lissafi ya shiga karatu ajin bai watse ba. In ka fito ran Juma'a har yanzu kana sha'awa, to bismillah.

Sai maganar takarda. A yawancin ƙasashe digirinka shi kaɗai ba zai ba ka izinin riƙe aji ba, amma ba sai ka sake jami'a daga farko ba. A Ingila kwas ne na shekara ɗaya da ake kira PGCE, kusan kwana 120 a ciki kana cikin makaranta kana koyarwa, ka fito da shaidar cancantar koyarwa da ake kira QTS. A Amurka kowace jiha da nata lasisin, da yawansu sai ka ci jarabawar Praxis, akwai ma tsarin da za a ba ka aji kana karɓar albashi kana ƙarasa karatun. A Najeriya mai digiri difilomar koyarwa da ake kira PGDE yake yi sannan ya yi rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai. Ka duba na inda kake tun daga hukumar da kanta, kar ka biya kuɗin kwas sai ka tabbatar sun yarda da satifiket ɗin. Kuma ka yi lissafin aljihu, lokacin gwajin koyarwa galibi babu albashi, ga wuni guda yake cinyewa.

Abin da ka zo da shi ba kaɗan ba ne wallahi. Sabon malami yakan rikice in uba ya shigo a fusace, kai kuwa ka zauna da waɗanda suka fi shi zafi. Ka san yaron da ke barci a aji ba lallai malalaci ba ne, ka iya rubuta rahoto mai kwanan wata da abin da ido ya gani ba zato ba. Amma a takardar neman aiki da wajen intabiyu ka daina maganar kes nawa ka riƙe, ka faɗa musu yadda ka dawo da yaron da ya daina zuwa makaranta da yadda ka shawo kan iyayensa, shi ne abin da hedimasta ke son ji.

Inda za ka sha wuya shi ne koyarwar kanta. Iya karatu daban, koya wa ɗan shekara 6 daban, dole ka koyi yadda ake bi da sautin haruffa ɗaya bayan ɗaya har yaro ya haɗa su ya fitar da kalma, haka lissafi, ka san ana aro in za a cire 28 daga 52 amma fa bayyana wa yaro me aka aro kuma daga ina, nan gumin yake. Fara rubuta shirin darasi tun yanzu, ka ba tsohon malami ya yi maka gyara ko da zai cika shi da jan biro.

Babban tarkon kuma ni a ganina shi ne tsohon hali. Ka saba yaro ɗaya, iyali ɗaya, ka bi su har gida. A aji in ka tsaya kan mai kuka minti goma sauran 29 sun hau tebur. Za ka ga alamar duka ko yunwa kafin kowa ya gani, zuciyarka ta ce ɗauki kes ɗin nan, to ba naka ba ne yanzu. Rubuta abin da ka gani, a ranar ka miƙa wa wanda makaranta ta ɗora wa nauyin kare yara, ka bibiya ka ji an yi wani abu, sannan ka koma gaban allo don darasin bai ƙare ba.