Kafin ku shafa wa ƙofar ƙarfe fenti

Salamu alaikum 'yan uwa. Bara na sa aka yi mini ƙofar gida a nan Garwa, ko damina ɗaya fentin bai kai ba ya fara ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa. Laifina ne, na yi gaggawa. Sabon bututun ƙarfe da maiko yake zuwa don kada ya yi tsatsa a hanya, kuma fenti ba ya kama maiko.

Ku fara goge maikon da tina (ruwan da ake tsinka fenti da shi), kafin samfefa, in ba haka ba cusa shi za ku yi cikin ƙarfen. Tsumma biyu: ɗaya jiƙaƙƙe da tina, ɗaya busasshe yana bin bayansa nan take. Don Allah ban da kananzir ko man gas (dizal), su ma maiko suke bari. Sannan buroshin waya a wuraren walda, samfefa, a sake gogewa.

Gwaji mai sauƙi: ɗiga ruwa a gefe. In ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya, da sauran maiko. Ku busar, ku shafa jan fentin hana tsatsa ranar nan, da sassafe kafin ƙarfe ya ɗau zafi. Tina kuma nesa da tartsatsin walda, a waje mai iska.