Yadda Ake Shirya Gangamin Gwajin Zuciya Domin Kare Matasa Daga Mutuwar Fuju'a

Ranar 12 ga Agusta, 1989, Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi a babban filin wasa na Surulere da ke Legas ana tsakiyar wasan Nijeriya da Angola, yana da shekara 25, kuma bai sake tashi ba. Ranar 26 ga Yuni, 2003, irin wannan ta faru da Marc-Vivien Foé na Kamaru a birnin Lyon na Faransa yana da shekara 28, kuma binciken gawarsa ya nuna kaurin tsokar zuciya. Tsakanin waɗannan rashi biyu akwai labarin Nwankwo Kanu, wanda likitocin Inter Milan suka gano matsala a ɗaya daga cikin ƙofofin zuciyarsa a 1996, jim kaɗan bayan ya ciyo zinare a gasar Olamfik. An yi masa tiyata a Cleveland ta Amurka, ya koma fili, ya yi shekaru yana taka leda, daga baya kuma ya kafa gidauniyar taimaka wa yara masu ciwon zuciya.

Mun san sunayen waɗannan ne saboda idon duniya yana kansu. Wanda ba a sani ba shi ne yaron da ya faɗi a filin firamare bayan la'asar, aka yayyafa masa ruwa, aka yi masa fifita da riga, kafin a sami Keke Napep rai ya yi halinsa. A kan yi jana'izarsa a ranar, a ce kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne. Sai dai ba a yin binciken gawa, don haka babu wanda zai gaya wa iyayen cewa wataƙila ƙannensa uku da ke zaune a wurin makoki suna ɗauke da irin lalurar da ta yi sanadinsa. Saboda waɗannan ƙannen ne ake gangamin gwajin zuciya.

Ku fara sanin abin da kuke nema

Ciwon zuciyar dattijo yawanci daga toshewar jijiyoyin jini yake zuwa, bayan shekaru na hawan jini ko ciwon sukari ko shan taba. Na matashi daban ne. Sau da yawa da shi aka haife shi, ko dai a tsokar zuciyar ko a tsarin lantarkin da ke daidaita bugunta, kuma yana iya zama lafiyayye a ido har ranar da bugun zai rikice. Kaurin tsokar zuciya, wanda ya kashe Foé, ana ƙiyasta yana samun mutum ɗaya cikin 500, kuma idan uwa ko uba na ɗauke da ƙwayar halittarsa, kowane ɗa yana da rabin yiwuwar gadonta.

A ƙasarmu akwai ƙarin abubuwa biyu da bai kamata a kwaikwayi Turai a manta da su ba. Na farko shi ne lalacewar ƙofofin zuciya da ke biyo bayan ciwon maƙogwaron da wata ƙwayar bakteriya ke haddasawa idan ba a yi maganinsa da kyau ba a yarinta. Idan an gano shi da wuri, allurar fenisilin duk bayan mako uku ko huɗu tana hana shi ƙaruwa. Na biyu shi ne raunin zuciya da ke kama mata a ƙarshen goyon ciki ko watannin jego, wanda likitoci suka yi rubutu a kansa a Zariya tun shekarun 1970, kuma arewacin Nijeriya na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Mai jego 'yar shekara 20 da ƙafafunta suka kumbura, ba ta iya kwanciya rigingine saboda numfashi, ita ma matashiya ce, kuma gangamin da ya tsaya kan 'yan ƙwallo kaɗai ya bar ta a baya.

Haka kuma ku san hujjar masu goyon baya da ta masu ja. Italiya ta wajabta gwajin zuciya ga masu shiga gasar wasanni tun 1982, kuma wani nazari a yankin Veneto da aka wallafa a 2006 ya nuna mutuwar fuju'a a tsakanin 'yan wasa ta ragu da kashi 89 cikin 100. A Birtaniya, ƙungiyar CRY mai yaƙi da mutuwar fuju'a ta ciwon zuciya a tsakanin matasa, wadda Alison Cox ta kafa a 1995, tana gwada 'yan shekara 14 zuwa 35, kuma tana cewa a kan sami mutum ɗaya cikin 300 da lalurar da ke iya zama ajalinsa. Duk da haka, kwamitin da ke ba gwamnatin Birtaniya shawara kan gwaje-gwaje ya ƙi amincewa a 2019 da a riƙa gwada kowane matashi, saboda gwajin kan tsorata masu lafiya, kuma yakan tsallake wasu masu ciwon. Mai yiwuwa likitan da za ku tunkara ya san wannan muhawara. Kada ku yi wa kowa alkawarin cewa wanda aka gwada ya tsira. Abin da za ku iya faɗa da gaskiya shi ne gwajin yana rage haɗari.

Likita kafin shela

Wannan shi ne wurin da na fi so a tsaya a kai, domin a nan kyakkyawar niyya take komawa cutarwa. Sayen na'urar zana bugun zuciya, wadda ma'aikatan asibiti ke kira ECG, ba shi ne wahala ba, wani attajiri ɗaya zai iya saya muku. Wahalar ita ce wanda zai karanta takardar da ta fito, da kuma inda za a kai yaron da aka ga wani abu a tasa. Idan kuka tara matasa 200, kuka ce wa goma daga cikinsu zuciyarsu na da matsala, sannan kuka naɗe tabarma kuka watse, kun bar gidaje goma cikin fargaba, wataƙila wani ya bar ƙwallo ko wata ta rasa mijin aure a kan abin da ba a tabbatar ba.

Saboda haka, tun kafin ku buga fosta ko ku je gidan rediyo, ku sami likitan zuciya da zai amince ya duba kowace takarda. Irin waɗannan ƙwararru suna manyan asibitoci kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da babban asibitin ƙasa na Yamai. Idan garinku ya yi nisa, ana iya ɗaukar hoton takardar da waya a aika masa, muddin an yi yarjejeniyar haka tun farko kuma ba a sa sunan mai ita a jiki ba. Ku tambaye shi kai tsaye ko yana aiki da ƙa'idojin duniya na 2017 na karanta takardar 'yan wasa. Dalilin tambayar shi ne zuciyar baƙar fata mai yawan motsa jiki takan zana wasu alamomi da ke kama da ciwo alhali lafiya lau take, kuma wanda bai san haka ba zai hana yara masu lafiya wasa ba gaira ba dalili.

Bayan haka ku yi lissafin mataki na biyu. Duk wanda aka yi shakkar takardarsa yana buƙatar hoton zuciya da ake kira eko, wani lokaci har da na'urar da ake rataya wa mutum kwana guda tana naɗar bugunsa. Ku je ku tambayi kuɗin kowanne da na mota zuwa asibitin, ku ware shi a asusu dabam kafin ku kashe kwabo a kan riguna da lemo. A ganina gara ku gwada mutum 50 ku bi kowanne har ƙarshe da ku gwada 500 don a gani a Facebook.

Wa za a fara gwadawa

Tunda kuɗi da likitoci ba su da yawa, ku fara da inda haɗarin ya fi. Gidan da aka taɓa rasa matashi ba zato, ko a fili, ko a barci, ko a ruwa alhali ya iya iyo, su ne na farko: iyaye da 'yan'uwa na ciki ɗaya da 'ya'ya. Sai duk wanda ya taɓa suma ana cikin gudu, ko ƙirjinsa ke ciwo idan ya motsa jiki, ko zuciyarsa ke bugawa da sauri haka kawai, ko yake gajiya fiye da tsararrakinsa. Ku saurara da kyau idan an ce yaro yana da farfaɗiya ko iska na buge shi, domin tsayawar zuciya na ɗan lokaci kan sa jiki ya karkarwa, kuma akwai masu matsalar lantarkin zuciya da aka daɗe ana yi musu maganin farfaɗiya. Bayan waɗannan sai kulob-kulob na unguwa da makarantun horar da 'yan ƙwallo da ɗaliban sakandare masu shiga gasa.

Shiga gidan da aka yi rashi yana buƙatar ladabi. Kada ku je cikin kwanakin zaman makoki, kuma kada ku je ku kaɗai. Ku nemi wani dattijo ko malamin da gidan ke girmamawa ya yi muku iso. Abin da za a ce bai wuce haka ba: "Baba, Allah ya jiƙan marigayi, ya ba ku haƙuri. Mun zo ne saboda ƙannensa, muna roƙon ka ba mu izini likita ya duba su." Kalmar gado tana da nauyi a kunnen uwa, don haka a bayyana cewa babu laifin kowa a ciki.

Masu buɗe ƙofa

Za a tambaye ku ko gwaji na hana mutuwa. Amsar ta fi kyau daga bakin liman, wanda zai tunatar da jama'a cewa neman magani umarni ne, kuma an ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Ku kai wa limamin Juma'a da mai unguwa da hakimi bayani a rubuce, shafi ɗaya, da Hausa. Misalin da ya fi saurin shiga shi ne gwajin jini kafin aure saboda sikila, wanda a da ake ƙyamarsa amma yanzu ya zama ruwan dare. Kocin unguwa kuwa tsoronsa kada a raba shi da ɗan wasansa mafi kyau, sai ku ba shi labarin Kanu. Ga matan aure da 'yan mata, malamar Islamiyya da ungozoma sun fi kowace sanarwa tasiri.

Ranar gwajin

Aji biyu na makaranta sun isa, ɗaya na maza ɗaya na mata, da labule da ma'aikaciyar jinya mace, domin gwajin yana buƙatar buɗe ƙirji. Wanda bai kai shekara 18 ba ya zo da takardar amincewar iyaye. A teburin farko a cike tambayoyin tarihin lafiyarsa da na danginsa, a na biyu a auna hawan jini kuma likita ya saurari ƙirji. Sannan ya kwanta a benci, a manna masa 'yan faifai goma, shida a ƙirji, huɗu a hannuwa da ƙafafu, ya yi shiru na ɗan lokaci, takarda ta fito da zane kamar haƙoran zarto. Yara da yawa sukan ɗauka wutar lantarki za ta ja su, har su ƙanƙame jiki, wanda hakan ke ɓata zanen, don haka a gaya musu tun a layi cewa na'urar sauraro kawai take yi. Ku tanadi janareta ko batir, da isasshiyar takardar na'ura.

Sakamako sirri ne. Kada a kira sunan kowa a bainar jama'a, kada a gaya wa koci ko shugaban makaranta kafin iyaye, kuma likita ne kaɗai zai ce wa yaro ya dakata da wasa.

Hannu da na'urar farfaɗowa

Tunda gwaji ba ya kama kowa, rabin gangaminku ya zama koyar da ceto. Christian Eriksen na Denmak ya faɗi a Kofanhagan ranar 12 ga Yuni, 2021, aka danna masa ƙirji nan take, aka sa masa na'urar da ke dawo da bugun zuciya da lantarki, kuma cikin watanni ya koma buga ƙwallo. Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi a Lafiya a watan Maris na 2020 a wasansu da Katsina United, ya rasu. Duk minti ɗaya da ya wuce ba tare da taimako ba, damar rayuwa kan ragu da kashi 7 zuwa 10 cikin 100, saboda haka wanda ke kusa shi ne mai ceto, ko alƙalin wasa ne ko mai sayar da fiya wata.

A koya wa kowa cewa wanda ya faɗi ba tare da an taɓa shi ba, ba ya amsawa, ba ya numfashi yadda ya kamata, to a ɗauka zuciyarsa ta tsaya. A kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗora tafin hannu ɗaya kan ɗaya a tsakiyar ƙirji, a danna da ƙarfi zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, ana karɓar juna ba tsayawa. A daina ɗura ruwa a baki da cusa cokali tsakanin haƙora. Na'urar farfaɗowar, wadda ake kira AED, ita da kanta take faɗar abin da za a yi, kuma ba ta sakin wuta sai ta ga buƙata. Ku nemi a ajiye ta a bakin fili a kowane wasa, ba a kulle a ofis ba, kuma a sa mutum ɗaya da sunansa ya riƙa duba batirinta.

Daga nan ku riƙe rajista: mutum nawa aka gwada, nawa aka tura eko, nawa suka je, me aka samu. Da waɗannan alƙaluman, ba tare da sunaye ba, za ku tunkari hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha da ma'aikatun lafiya da ilimi, ku nemi a sa gwaji cikin sharuɗɗan rajistar 'yan wasa. Ranar Zuciya ta Duniya, 29 ga Satumba, lokaci ne mai kyau na kai wannan buƙata. Amma kafin ranar, ku raba sunayen waɗanda aka tura asibiti a tsakaninku, kowa ya buga wa iyayen nasa waya bayan mako biyu, wanda bai je ba kuma a bi shi gida da kuɗin mota.