Yadda ake binciken ƙasan teku da jirgin ruwa da na'urar nutso

Ranar 14 ga watan Maris na shekarar 2024 intanet ta yi rauni a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma, har da Nijar, saboda manyan wayoyin sadarwa huɗu da ke shimfiɗe a ƙasan teku sun lalace daura da gaɓar Kodebuwa. Ɗan kasuwar da ya kasa tura saƙo a Yamai a wannan rana, abin da ya faru a ƙarƙashin ruwa, nesa da shi da fiye da kilomita 1,000, shi ne ya tsayar masa da aiki. Ban da wannan, yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan dokar teku ta 1982, wadda Nijar ta amince da ita a 2013, ta ce ƙasan tekun da ke wajen iyakar kowace ƙasa gadon ƴan adam ne baki ɗaya, da masu gaɓar teku da waɗanda ba su da ita. Tun da muna da rabo a wannan gado, ya kamata mu san yadda ake zuwa a duba shi, kuma aikin yana da tsari wanda ba a tsallake mataki ɗaya a cikinsa.

Mataki na farko: tambaya da izini

Ba a fita da jirgin bincike don yawon buɗe ido, domin kowace rana a teku kuɗi ce mai yawa. Masana sukan fara da tambaya guda wadda za a iya amsawa: wane irin dutse ne a wannan tsauni na ƙarƙashin ruwa, ko waɗanne halittu ne ke zaune a wannan kwazazzabo, ko me ya tsinke waya a wuri kaza. Idan wurin yana cikin mil 200 na teku daga gaɓar wata ƙasa, wajibi ne a nemi izininta aƙalla wata shida kafin a fara, kuma tana da haƙƙin sa masananta a cikin jirgin.

Mataki na biyu: zana taswira

Wannan shi ne matakin da mai kallon bidiyon binciken ƙasan teku ba ya gani, amma a ganina shi ne ƙashin bayan aikin duka. Zurfin teku a matsakaici ya kai kusan mita 3,700, hasken rana kuwa yana raguwa ƙwarai bayan mita 200, ya ƙare gaba ɗaya a wajen mita 1,000. Igiyar rediyo ma ba ta tafiya nesa a cikin ruwan gishiri. Abin da ke ratsa ruwa da kyau shi ne sauti, wanda ke gudun kimanin mita 1,500 a daƙiƙa, saboda haka da sauti ake aunawa.

A ƙarƙashin cikin jirgin akwai na'ura mai aika ƙara zuwa ƙasa tana sauraron dawowarta. Lissafin mai sauƙi ne: idan ƙarar ta yi daƙiƙa 4 kafin ta dawo, ta yi tafiyar mita 6,000 ke nan zuwa da dawowa, wato zurfin wurin mita 3,000 ne. Na'urorin zamani ba layi ɗaya suke aikawa ba, suna baza ɗaruruwan layukan sauti dama da hagu a lokaci guda, ta yadda duk wucewar jirgi ɗaya za ta auna fili mai faɗin kilomita da dama. Jirgin yakan yi tafiya a miƙe, ya juyo ya bi gefen layin da ya wuce, kowane layi yana ɗan hawa kan na kusa da shi don kada a bar giɓi, haka dare da rana har a rufe filin.

Akwai wani gyara da ba a mantawa da shi. Gudun sauti yana canzawa da zafin ruwa da yawan gishirinsa da zurfinsa, don haka lokaci zuwa lokaci ana saukar da ma'auni mai karanta waɗannan abubuwa uku daga sama zuwa ƙasa, a sa sakamakon cikin lissafi. Idan aka yi sakaci da wannan, gefunan taswirar za su lanƙwashe, shimfiɗaɗɗen wuri ya fito kamar kwari.

Domin a gane girman ci gaban da aka samu, jirgin Ingila mai suna Challenger, wanda ya zaga duniya daga 1872 zuwa 1876, da igiya da dalma yake auna zurfi, kuma awo ɗaya yakan cinye sa'o'i. Duk da na'urorin yau, ɗan abin da ya zarce kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasan teku ne kawai aka zana da cikakken awo. Shirin Seabed 2030, wanda gidauniyar Nippon ta Japan da GEBCO, ƙungiyar da ke haɗa taswirar ƙasan tekunan duniya, suka ƙaddamar a 2017, yana ƙoƙarin tattara sauran.

Da taswirar ta fito, sai a zauna a zaɓi wurin sauka da hanyar da za a bi. Yawanci ana farawa daga gindin gangare a yi sama, domin na'urar ta riƙa fuskantar dutsen, wayarta kuma ta kasance a fili ba ta sarƙe da komai ba.

Mataki na uku: shirya na'urar nutso

Na'urar da ake kira ROV ba ta ɗaukar mutum. Firam ce ta ƙarfe, wasu girmansu ya kai ƙaramar mota, ɗauke da fitilu masu ƙarfi, da kyamarori, da farfeloli masu tura ta gaba da baya da sama da ƙasa, da hannuwa biyu na inji, da akwatunan ajiye samfuri. Wayar da ta haɗa ta da jirgi tana kai mata lantarki, kuma a cikinta akwai zaren gilashi da ke kai umarni ƙasa ya dawo da hoto sama nan take. Kowace tana da iyakar zurfinta: Hercules ta jirgin Nautilus mita 4,000, SuBastian ta cibiyar Schmidt mita 4,500, Victor 6000 ta cibiyar Ifremer ta Faransa da Deep Discoverer ta hukumar NOAA ta Amurka mita 6,000, Jason ta cibiyar Woods Hole kuwa mita 6,500.

Babban abokin gaba shi ne matsin ruwa. Duk mita 10 da aka nutsa, matsin yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a doron ƙasa, ta yadda a mita 4,000 kowane murabba'in santimita yana ɗauke da kimanin kilo 400. Saboda haka kayan lantarki masu laushi ana rufe su a cikin kwalaben ƙarfen titaniyom masu kauri, wasu kuma a cika mazubinsu da mai, tun da mai ba ya matsuwa kamar iska. A saman na'urar akwai wani kumfa mai tauri da aka yi da ƙananan ƙwallayen gilashi, wanda ke sa ta kusan daidaita a cikin ruwa, ba ta nutsewa da kanta, ba ta kuma tasowa da ƙarfi. Kafin kowane nutso injiniyoyi suna bin jerin dubawa abu bayan abu, kowace roba ta bakin murfi a duba ta, domin gashi ɗaya da ya maƙale a kanta yana iya buɗe wa ruwa hanya. Wannan taka-tsantsan yana da dalili: a 2014 na'urar Nereus ta tarwatse a ramin Kermadec, a zurfin kusan mita 9,900, kuma Kaiko ta Japan, wadda ta isa wuri mafi zurfi a duniya a ramin Mariana a 1995, ta ɓata a 2003 bayan wayarta ta tsinke.

Mataki na huɗu: saukarwa

Kyaftin da shugaban masu nutso su ne ke da maganar ƙarshe game da yanayi, kuma idan iska ko igiyar ruwa ta yi yawa, sai masana su haƙura ko da sun shekara suna jiran ranar. Lokacin da na'urar ke rataye a ƙugiya tsakanin jirgi da ruwa shi ne mafi haɗari ga mutane da kaya. Da ta shiga ruwa, sai injin naɗi ya riƙa sakin waya a hankali, kimanin mita 30 a minti, don haka isa mita 4,000 yana cin fiye da sa'a biyu.

A wannan zurfi ba a jefa anga. Kwamfuta ce ke riƙe jirgin a wuri ɗaya, tana karanta matsayinsa daga tauraron ɗan adam tana juya farfeloli don ta rama turin iska da na ruwa. Saƙon tauraro ba ya shiga ruwa, saboda haka matsayin na'urar da sauti ake gane shi: jirgi ya aika ƙara, ita ta amsa, a lissafa nisa da kusurwa.

Wanda ya taɓa jan ruwa a rijiya mai zurfi a Adar ya san cewa duk motsin hannun mai ja yana isa ga guga. Haka jirgi yake, idan igiyar ruwa ta ɗaga shi sai ya fizgi waya. Maganin da wasu suka samo shi ne a raba na'urar biyu. Ana rataye wata mai nauyi a ƙarshen wayar ƙarfe don ta sha fizgar, sannan daga gare ta wata waya mai laushi ta ƴan gomomin mita ta tafi zuwa mai aikin, wadda ke yawo a natse. Ta saman kuma tana haska ta ƙasan tana ɗaukar hotonta, matuƙi ya ga abin da ke kewaye da shi. Haka Deep Discoverer take aiki tare da ta samanta mai suna Seirios.

Mataki na biyar: aiki a ƙasa

A cikin jirgi akwai ɗaki mai duhu cike da allunan kallo. Matuƙi yana tuƙa na'urar, mataimakinsa yana kula da waya da hannun inji, mai kula da hanya yana gaya wa masu jirgi su matsa mita kaza zuwa gabas ko arewa, mai kyamara yana jawo hoto kusa, shugaban masana yana cewa a tsaya ko a wuce, wani kuma yana rubuta kowane abu da lokacinsa da zurfinsa. Tun da lantarki daga jirgi yake zuwa, nutso ɗaya yana iya wuce kwana, mutane ne ke karɓar juna, a wasu jiragen sa'a huɗu aiki sa'a takwas hutu.

Tafiyar a hankali ake yinta, ƙasa da saurin mai tafiya da ƙafa, kuma matuƙi yana kiyaye farfelolin kada su tayar da laka, domin in ta tashi sai a jira ta kwanta kafin a sake ganin komai. Ɗigo biyu na hasken leza da ke bayyana a tsakiyar hoto, tazarar santimita 10 ce tsakaninsu a yawancin na'urori, da su ake auna girman abin da aka gani. Samfuri kuwa kowane da hanyar ɗaukarsa: dutse da hannun inji, laka da bututun da ake cusawa a zaro don a samu hawa-hawanta yadda take, halitta mai laushi da tiyo mai zuƙa, ruwa da kwalba mai rufe kanta. Masu aiki da hankali ba sa ɗaukar fiye da buƙata, kuma ina ganin wannan wajibi ne, domin abubuwan wurin suna girma a hankali ƙwarai. Dunƙulen ma'adinin manganis da ke warwatse a yankin Clarion-Clipperton na tekun Pasifik, wanda kamfanoni ke son haƙa, ƴan milimita kawai yake ƙaruwa a shekara miliyan.

Yawancin sa'o'in laka ce shimfiɗe da ruwa mai sanyin digiri 1 zuwa 4, amma haƙurin yana biya. A 1977, kusa da tsibiran Galapagos, masana a cikin ƙaramin jirgin nutso Alvin sun tarar da maɓuɓɓugan ruwan ɗumi a zurfin kusan mita 2,500, kewaye da tsutsotsi masu tsawon da ya kai mita 2, waɗanda abincinsu ba daga hasken rana yake ba, daga ƙwayoyin bakteriya ne masu sarrafa sinadarin farar wuta. Abin lura a nan shi ne, kafin mutum ya sauka, kyamarar da ake ja a bayan jirgi ce ta fara gano wurin ta hanyar ɗan canjin zafin ruwa da hotunan da ta ɗauka. Haka ma aka gano ɓaraguzan jirgin ruwan Titanic da ya nutse, a 1985, a zurfin kusan mita 3,800, da na'urar Argo da ake ja.

Mataki na shida: fitowa da adana abin da aka samu

Ana hawowa da irin saurin da aka sauka. Da na'urar ta hau jirgi aka ɗaure ta, masana sukan yi hanzarin kai halittu ɗakin sanyi, domin ɗumin sama yana lalata su cikin ɗan lokaci. Kowane samfuri a ba shi lamba, a ɗauki hotonsa, a yanki ɗan ƙarami don gwajin ƙwayar halitta, sauran a jiƙa a barasar gwaji ko a daskarar. Samfurin da lambarsa ta ɓata ya zama banza, tun da ba wanda zai iya cewa daga ina ya fito. Tantance sabon nau'in halitta kuwa yana iya ɗaukar shekaru a ɗakin gwaji bayan jirgi ya dawo.

Yadda za a bi aikin daga nan gida

Jiragen Nautilus da Okeanos Explorer da Falkor (too) suna watsa nutsonsu kai tsaye ta intanet kyauta, a shafukansu da kuma YouTube, tare da muryoyin masu aiki, kuma a shafin Nautilus ana iya tura tambaya. Taswirar GEBCO ma kyauta ake sauke ta. Malamin da ke son nuna wa ɗalibai zai fi samun sauƙi idan ya sauke gajerun bidiyo tun da wuri, ya fara da lissafin sauti na mataki na biyu a kan allo, sannan ya nuna hoton. Ɗalibin ilimin duwatsu a Jami'ar Abdou Moumouni ko wanda ke zaune a jihar Tawa yana da ƙarin abin dubawa a kusa, domin fiye da shekara miliyan 50 da suka wuce wani teku marar zurfi ya rufe wannan yanki, kuma dutsen farar ƙasa da ake yin siminti da shi a Malbaza a ƙasan wannan teku ya taru. Hanyar karanta hawa-hawan dutse a Adar, daga na ƙasa wanda ya fi tsufa zuwa na sama, ita ce ake bi wajen karanta lakar da bututu ya zaro daga zurfin mita 4,000.